Kada Ka Bari In Kwana

A Zangon Kwatano, idan mutum ya rasu, kafin a sanar da liman, Ƙasimu ake fara nema. Shi ba malami ba, ba kuma attajiri ba. Direba ne, da tsohuwar a-kori-kurarsa mai rufin tamfol, irin wadda a Kwatano ake ce wa bashe, yana dakon kaya daga tashar jirgin ruwa zuwa kasuwar Dantokpa. Amma ko lodi ya kai rabi, da an aiko cewa an yi rashi sai ya sauke buhunan, ya ba mai kaya haƙuri, ya wanke bayan motar, ya shimfiɗa tabarma. Masu kaya sun yi faɗa har sun gaji. Wanda ya fi kowa masifa a cikinsu, a bayan bashen nan aka kai mahaifiyarsa, daga ranar bai sake ɗaga murya ba.

Abin gado ne a wajensa. Kakansa yana cikin fataken goron da suka yada zango a nan tun ana zuwa a ƙafa, mahaifinsa kuma shi ke riƙe da makarar masallaci. Ƙasimu ya tashi yana ganin idan baƙo ya mutu ba dangi, tsohon ba ya sa loma a baki sai an rufe shi. Karatun da ya ɗauka ke nan: gawa ba ta jira, kuma rana ba ta faɗuwa a kan musulmi yana kwance a sarari. Bai taɓa karɓar ko dala a kan aikin ba.

Su biyu ne a aikin. Ƙasimu ke ɗauka, Muhuyi ke wanka. Muhuyi mutumin Jega ne, can ƙasar Kabi a Najeriya. Ya zo Kwatano yana saurayi da niyyar yin damina ɗaya, sai ga shi furfura ta same shi yana sayar da albasa a kasuwar Saint-Michel. Dogo ne siriri, ga tsokana da neman magana, hannunsa kullum ƙamshin kafur da warin albasa suna kokawa. Shi ya raɗa wa Ƙasimu suna Ɗan Zango, wai Faransanci ya cinye rabin Hausarsa. Ƙasimu kuma yana ce masa Baƙon Damina.

Mutanen da suka saba da gawa haka, sai ka ɗauka babu abin da ke kaɗa musu hanta. Ina! Kowannensu da dodonsa, kuma a wajen aikin nan ya samo shi.

Dodon Ƙasimu gidan yari ne. A shekarun mulkin juyin juya hali, lokacin da mutum kan waiga kafin ya yi tari, akan aiko masa ya je ya ɗauko musulmin da ya cika a tsare. Ya ga yadda suke fitowa. Ya taɓa ɗauko wani maƙwabcinsa mahauci, ƙaton da shi kaɗai ke kayar da sa, amma ranar nan Ƙasimu ya ɗaga shi kamar ɗaurin kara, jiki duk ƙazuwa, ƙafafu a kumbure. Tun daga nan, in ya hango kaki, ko na mai gadin banki ne, sai ya sauya hanya. 'Yan sandan hanya sun san shi da saurin cewa "Wi, shef", wato "to, ranka ya daɗe" da Faransanci, tun ba a tambaye shi komai ba.

Dodon Muhuyi kuwa ɗakin sanyin asibiti ne, inda ake ajiye gawa, wanda mutanen gari ke ce wa lamorgu. Mutanen kudu kan ajiye nasu a can makonni, har dangi su hallara a yi babban taro, al'adarsu ce kuma don ƙauna suke yi. Amma Muhuyi ne ke karɓar na Zango in sun fito daga can. Shi ya san yadda hannu ke ƙin lanƙwasuwa, sai an ɗumama ruwa an yi ta gasawa, yana yi yana ba mamacin haƙuri a hankali. Duk ran da suka yi irin wannan aiki, a hanyar dawowa sai ya tayar da magana ɗaya.

"Ɗan Zango, ni roƙona ɗaya ne a duniya. Ran da na faɗi, kada ka bari in kwana. Kada ka yarda a sa ni a firiza kamar kifin Dantokpa. Ni ko da raina ba na son sanyi."

"Kai da ke yawo da rigar sanyi a watan zafi, wa zai kai ka firiza? Kafin magariba na rufe ka, in dawo in raba albasarka sadaka."

"Ka yi alkawari?"

"Na yi, Baƙon Damina. Sau nawa zan yi?"

Ana nan sai aka yi babban taron ƙasa a 1990, mulki ya sake, bakin kowa ya buɗe. Ƙungiyoyi suka tsiro kamar ciyawa bayan ruwan fari. Masu zemijan, wato masu ɗaukar mutane a babur, da tasu, mata masu kifi da tasu, har masu wankin mota. A unguwa akwai Kabiru, ɗan boko mai aikin fitar da kaya a tashar jirgin ruwa, mutumin kirki, ba wanda zai ce ba haka ba. Shi ya zo ya durƙusa gaban Ƙasimu da shawara.

"Baba Ƙasimu, zamani ya canza. In muka zama asosiyasiyon, wato ƙungiya da takardarmu, za mu iya neman ƙarin fili a maƙabarta, mu nemi motar gawa ta gaske. Ba za ku yi ta ɗawainiya ku biyu ba."

Aka yi taro a harabar masallaci. Mutanen da ba su taɓa riƙe ƙafar makara ba suka cika wurin, kowa da muƙamin da yake so: mataimaki na ɗaya, mataimaki na biyu, mai ba da shawara, mai ba mai ba da shawara shawara. Da aka zo kan shugaba, baki ya zo ɗaya, Ƙasimu ne perzidan. Kabiru ya karanta dokokin ƙungiya da Faransanci, ya fassara, har wurin da aka ce shugaba ne zai amsa duk abin da ƙungiya ta yi a gaban hukuma. Kowa ya ji, aka tafa. Wa ke tunanin kotu a ranar da ake rabon lemo? Ƙasimu ya rubuta sunansa da ajami, yana sanye da shuɗiyar babbar riga da ya ɗinka musamman don ranar.

Matarsa Zulaiha ce kawai ba ta tafa ba. Da ya dawo yana baza riga, ta dube shi ta ce, "Baban Ruwaida, tun kafin ka aure ni kake aikin nan ba takarda. Me takarda za ta ƙara maka?"

"Girma," in ji shi, yana dariya.

"To, Allah Ya sa girman ya tsaya a riga."

Motar gawa ba ta zo ba, fili bai zo ba. Aiki ya ci gaba yadda yake, Ƙasimu na ɗauka, Muhuyi na wanka, mataimaka kuma suna gyara hula a wurin zaman makoki.

A cikin masu dakon tashar jirgin ruwa akwai wani Tidjani. Ya daɗe da zuwa Zango, a masallacin nan ya musulunta aka ba shi sunan, ya kama ɗan ɗaki a bayan wani shago. Mutum ne shiru-shiru, kullum a sahun gaba. Ba wanda ya san inda ya fito, don a Zango ba a tambayar mutum asalinsa. In an tona, kowa baƙo ne, kuma tambayar nan cin fuska ce. Wata Juma'a bayan an idar da salla, ya jingina da bango kamar mai hutawa. Aka watse aka bar shi, sai da mai shara ya taɓa shi ya ga ya zame.

Wani ya tambaya ko yana da dangi. Wani ya amsa cewa ai mu ne danginsa, kuma kowa ya ji daɗin amsar. Muhuyi ya yi masa wanka, masu atamfa suka kawo likkafani, bayan la'asar masallaci guda ya sallace shi. Mai gadin maƙabarta ya hango bashen ya buɗe ƙofa kamar kullum. Kafin magariba an gama. Likita bai gan shi ba, ba a je meri, wato ofishin magajin gari, neman izinin binnewa ba, kamar yadda ba a taɓa zuwa ba a kan baƙon da ba shi da kowa. Ƙasimu ya dawo gida yana cewa ya ga mai rabo, mutuwar Juma'a ga jama'a kamar ta basarake.

Bayan wasu makonni, ɗan sanda ya kawo takardar sammaci gida. Zulaiha ce ta karɓa, Kabiru ya karanta. Ana neman shugaban ƙungiya a komisariya, wato ofishin 'yan sanda, gobe da safe. Ƙasimu ya zauna ya tashi, ya shiga bayan gida ya fito, ya sake shiga. Tuwon da aka ajiye masa ƙudaje ne suka amfana da shi. Abu ɗaya ya iya yi da hankalinsa: ya aika wa Muhuyi cewa kada ya kuskura ya bi shi. Muhuyi baƙo ne, takardun zamansa ba su cika ba, in ya shiga ofishin nan iyaka za a tasa ƙeyarsa.

A komisariya, a kan benci, ya tarar da wata tsohuwa da samari biyu. Daga Avotrou take, can bakin tafki, sana'arta bandar kifi. Mahaifiyar Tidjani ce. Ashe duk ƙarshen wata yakan ƙetare gada ya kai mata sabulu da sukari, ya zauna ya ci abincinta. Da bai zo ba, ta bi asibitoci, ta bi ɗakunan gawa ana buɗe mata fuskokin 'ya'yan wasu, ta bi bakin ruwa tana tambayar masunta. Sai wani ɗan dako ya gaya wa ƙannensa cewa ai an binne shi tuni.

Da yaren Fon na mutanen kudu ta yi magana. Ƙasimu haifaffen Kwatano ne, yana jin Fon kamar Hausa, kuma ranar nan ya so a ce ba ya ji.

"Ɗan farina ne," in ji ta, ba ihu ba zagi. "Da ya bi addininku ban hana shi ba. Kun wanke shi, kun rufe shi, a cikinku babu wanda ya ce bari a nemi wadda ta haife shi. Avotrou ba ƙarshen duniya ba ne, ƙetaren gada ne. Ko fuskarsa ban gani ba."

Ƙasimu ya sunkuyar da kai. Da tsoro kaɗai ya shigo, yanzu kunya ta hau kan tsoron ta zauna.

Jami'in da ke bayan tebur bai yi tsawa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Tambayoyi kawai ya jero. Wane likita ya duba shi? Wa ya san ko dukansa aka yi, ko guba aka ba shi? Wa ma ya tabbatar muku ya riga ya mutu lokacin da kuka naɗe shi? A nan Ƙasimu ya ji zufa ta gangaro masa har cikin takalmi. Shekara da shekaru yana ɗaukar gawa, tambayar nan ba ta taɓa zo masa ba.

"Shef," ya ce da ƙyar, "masallaci guda ne ya sallace shi."

"Masallaci ba shi da suna a takardata. Asosiyasiyon ce ke da suna, ita ke binne mutane a Zango, kai ne perzidan. Wa ke da alhakin gawar nan?"

"Ni ne."

"Wa ya yi wankan?"

"Ni ne, shef. Duk ni ne."

Kwana biyu aka tsare shi a ɗakin bayan kanta. Ba a dake shi ba, ba a zage shi ba. Amma da aka turo ƙofar, warin da ya bugi hancinsa shi ne warin jikin mahaucin nan da ya ɗauko shekarun baya, bai canza ba ko kaɗan. Ya tsuguna a lungu yana duba fatar hannunsa, yana jiran ƙazuwa ta fito. Muhuyi kuwa yana tsallaken titi a gindin wani bango, da kwanon abinci, yana ba Zulaiha ta miƙa, shi kuma ya ƙi tafiya kasuwa.

To ina mataimaka? Na ɗaya gwaggonsa ta kwanta ciwo a Parakou ba zato, na biyu ya tuna ashe tuni ya so ya ajiye muƙamin. Masu ba da shawara suka ba kansu shawara, kowa ya kama gabansa. Taron tsintsiya ba shara. Kabiru kaɗai ya tsaya, fuska duk nadama, ya nemo lauya, ya yi ta zirga-zirga har aka ba da Ƙasimu beli.

An so a kai ga tone kabari. Dattawan Zango suka ɗauki goro da baki mai laushi suka tafi Avotrou. Ƙarshenta tsohuwar ta ce a kai ta ta ga wurin, kuma Ƙasimu ne ya kai ta, a gaban bashen da ya ɗauki ɗanta a bayansa. Ta daɗe a tsugune tana shafa yashin, sannan ta ce a bar shi ya huta. Amma hukuma ba ta janye nata ba. A kotu alƙali ya yanke masa wata biyu saboda binne mutum ba izini, sai dai an jingine hukuncin. Ƙasimu bai gane ba sai da lauya ya ja shi gefe.

"Ba za ka shiga ba, Baba. Sursi ke nan. An rataye maka su a ka. In ka shekara biyar ba ka sake ba, sun faɗi. In ka sake, za ka yi waɗannan, ka yi na sabon laifin a kai."

Mutane suka yi ta masa barka da arziki. Shi kuwa ya koma gida da wata biyun nan a rataye, yana jin su a bayan wuyansa ko a sujada. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. In aka ƙwanƙwasa ƙofa da ƙarfi sai ya zabura. In aka yi rasuwa, kafin ya yi ta'aziyya sai ya tambayi takardar likita da ta meri, in babu, makullin mota ba ya fitowa daga aljihu. Aka fara gunaguni wai Ƙasimu ya zama ɗan meri. Masu gunagunin su ne dai waɗanda gwaggonninsu suka kwanta ciwo. An kuma sa wa mai gadin maƙabarta doka, duk wanda ya kawo gawa sai ya rubuta sunansa.

Muhuyi bai taɓa yi masa gori ba, ya san abin da mutumin nan ya ɗaukar masa. Sau ɗaya kawai, suna dawowa daga wata jana'iza da ta jira takarda har washegari, ya dubi titi ya ce, "Ɗan Zango, alkawarina fa?"

"Yana nan. Kai dai ka yi ƙoƙari ka mutu ranar aiki, da hantsi."

Suka yi dariya, amma ta Ƙasimu a haƙori ta tsaya.

Muhuyi bai taɓa jin magana ba a rayuwarsa, a nan ma bai ji ba. Ranar Asabar ya zaɓa, da damina, a shekara ta biyu da hukuncin. Ya dawo daga kasuwa bayan azahar, ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, ya shiga zauren Ƙasimu ya kishingiɗa a tabarma da rigar sanyinsa. Zulaiha ta tafi ɗumamo masa kunu. Kafin ta dawo ya riga ya tafi.

Ƙasimu bai yi kuka ba. Kabiru ya ruga ya kawo likitan wani ƙaramin asibiti, ya duba ya rubuta takarda. Saura ta meri, meri kuwa a rufe take. Kabiru ya hau zemijan cikin yayyafi har Houéyiho, gidan ma'aikacin da ke sa hannu. Ya dawo a jiƙe ya ce mutumin ya tafi ƙauyensu jana'iza, sai Litinin.

Zaure ya cika. Masu albasa, masu atamfa, mataimaka na ɗaya da na biyu duk sun hallara, kowa yana faɗin albarkacin bakinsa.

"Ƙasimu, wannan ai namu ne. Iyalinsa suna Jega, in sun ji an rufe shi da wuri addu'a za su yi maka. Ga takardar likita. Wa zai kai ƙara?"

Gaskiya suka faɗa, kuma ya san gaskiya ce. Da wuya wani ya tayar da maganar. Amma a kan Tidjani ma haka aka ce. Ya ɗaga kai ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Na ji. Mota tawa ce, ni zan tuƙa. A ƙofar maƙabarta za a tambayi suna. Wa zai ba da nasa?"

Sai ga manyan mutane suna nazarin yatsun ƙafarsu. Kabiru ya ce zai bayar, amma shi ma ya san ba ta canza komai, in magana ta tashi perzidan za a nema. Ƙasimu ya shiga cikin gida, ya tarar da Zulaiha tana hura wuta a ƙarƙashin tukunyar ruwa.

"Ni ba zan ce ka yi ba, ba zan ce ka bari ba," in ji ta, ba ta ɗago ba. "Na ga yadda ka fito daga kwana biyu. Na kuma ji alkawarin da ka yi masa, ba sau ɗaya ba. Ga ruwa na ɗumama."

Shi ya yi wa Muhuyi wanka, karo na farko da ya yi wa wani da hannunsa, yana bin abin da ya shekara yana gani. Jikin da sauran ɗumi, gaɓoɓi suna bin hannu ba gardama. Ya sa masa kafur, warin albasar dai bai bar yatsun ba. Da aka gama sutura ya ji zuciyarsa ta tsaya wuri ɗaya. Ya shiga ɗaki ya zuro shuɗiyar babbar rigar nan, ya fito ya ce a yi salla, za a kai shi yau. Aka yi kabbara, wasu har da rungumarsa.

Bayan la'asar bashe ya kama hanya, makara a baya, mutum biyu suna riƙe da ita, sauran jama'a a kan babura suna biye. Yayyafi bai tsaya ba. Ƙasimu yana tuƙi yana salati, yana gaya wa kansa cewa wata biyu ba mutuwa ba ce, mutane suna shiga suna fitowa. Har ya fara yarda da kansa.

A babban shatale-talen da hanya ke rabuwa, dama maƙabarta, hagu asibiti, akwai ɗan sanda a tsaye da rigar ruwa. Ya ɗaga hannu. Ƙasimu ya taka birki har makara ta motsa a baya. Ba don wani laifi aka tsayar da shi ba, motocin ɗaya ɓangaren ake ba hanya, ko yaro ya san haka. Amma ɗan sandan ya juyo, ya dubi bashen, ya dubi baburan da ke bayansa, ya ɗan daɗe yana duba. Ƙasimu ya ji warin nan ya cika masa hanci, a cikin mota, cikin ruwan sama, warin ɗakin bayan kanta. Ya ga ƙafafun mahaucin a kumbure. Bakinsa ya ce "Wi, shef" shi kaɗai, ba wanda ya tambaye shi komai.

Ɗan sandan ya sauke hannu, ya yi masa alamar ya wuce, har ya ɗan sunkuyar da kai don girmama gawa.

Ƙasimu ya sa giya. Hannun da ya shekara talatin yana karya kan motar nan dama a daidai wurin nan, ranar ya karya hagu. Ya ji babura suna ta oda a bayansa, ya ji masu riƙe da makara suna bugun rufin mota suna kiran sunansa. Bai tsaya ba. Hawayen da suka ƙi zuwa tun azahar suka ɓalle, har ba ya ganin titi sosai.

"Baƙon Damina, ka yafe ni," yake faɗa, yana waigen ɗan gilashin baya. "Tsoro nake ji. Wallahi tsoro nake ji. Ka san ni, ka san abin da na gani. Ka yafe ni."

A asibiti baburan suka tsaya daga wajen ƙofa. Wasu suka juya cikin fushi, wasu suka tsaya suna kallo daga nesa, babu wanda ya ce ya zo ya karɓi makullin. Kabiru da mutum biyun nan suka kama aka sauke makara a bakin ɗakin sanyi. Ma'aikacin wurin dattijo ne mai sanyin murya, ya karɓi takardar likita, ya ɗauki alƙalami.

"Wa ke da alhakin gawa?"

Ƙasimu ya waiga ya dubi ƙofar asibitin, sannan ya juyo.

"Ni ne."

Aka turo gado mai taya aka ɗora Muhuyi. Da ma'aikacin ya buɗe ƙofar ciki, sanyi ya fito ya bugi ƙaurin Ƙasimu. Sai Ƙasimu ya ce a dakata. Ya tuɓe babbar rigar, ya ninka ta biyu, ya miƙa da hannu biyu.

"Don Allah a rufa masa wannan."

"Papa," in ji ma'aikacin a hankali, "ai ba ya jin komai."

"Na sani. Amma ba ya son sanyi."

Dattijon ya dube shi, ya karɓi rigar, ya shimfiɗa ta a kan likkafanin, har ya cusa gefenta ƙarƙashin ƙafafu. Ya tura gadon ciki ya rufe ƙofa. Kabiru ya ce su tafi gida, magariba ta kawo kai, Ƙasimu ya girgiza kai. Ya zauna a bencin da ke fuskantar ƙofar, daga shi sai 'yar shara, ya rungume hannuwansa a ƙirji, ya fara jiran Litinin.